Yadda Ɗan Ƙanena Ya Kama Turanci: Jawabi a Taron Iyaye

 

 An ce in yi magana kan karatun yara. Ni ɗan kasuwa ne, Islamiyya na yi, ban zauna ajin boko ba. To abin da idona ya gani shi zan faɗa, game da ɗan ƙanena da na riƙa tun rasuwar mahaifinsa.

A 2018 na yi lodin wake daga nan Kontagora zuwa kasuwar Bodija ta Ibadan. Mai mota ya miƙo mini takarda da Turanci, ya ce, "Alhaji sa hannu, ba komai ciki." Na sa. Bayan an ƙetare gadar Jebba ruwa ya doki kayan, don tamfol ɗinsa duk huji ne. Buhu 40 suka lalace. Da na je neman hakkina sai aka fassara mini abin da na sa wa hannu, wai duk ɓarnar hanya a wuyana take. Na dawo gida na ba yaron nan takardar, lokacin yana aji huɗu na sakandare. Ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tiryan-tiryan. Na ce, to me ta ce? Sai ya sunkuyar da kai. Wallahi jama'a, wannan ya fi asarar waken yi mini ciwo. Shekara goma ana kai yaro makaranta!

Na kwana ina tunani. Mu yaya muka koyi Larabci? Ai da baki ne. A biya maka, ka maimaita, ka yi tilawa, gobe ka dawo a saurare ka. Na ce to Turanci ma harshe ne, bari mu bi da shi haka.

Kullum bayan la'asar sai in zaunar da shi kan buhu a shago, ya ɗauki Daily Trust ya karanta labari ɗaya da ƙarfi, sannan ya faɗa mini da Hausa. Za ku ce, kai da ba ka jin Turanci, yaya za ka gane in ya yi maka ƙarya? To ga dabarar. Na riga na ji labarin a sashen Hausa na BBC tun da asuba. In ya karkace sai in ce a'a, ba haka aka yi ba, koma ka duba. Wata na farko mun sha rigima, har kuka ya yi. Da aka yi wata shida, shi ke ƙara mini abin da rediyo ba ta faɗa ba. Kalmar da ta gagare shi kuwa sai ya rubuta ta a bayan littafin bashi, ya kai wa malaminsa.

Rubutu ma a shago ya koya. Duk wasiƙar da zan aika banki ko wurin abokan ciniki na kudu, shi ke rubutawa, wani malami maƙwabcinmu ya bi da jan biro ran Asabar. Malamin ne ya gano cewa gajarce kalmomi da yara ke yi a WhatsApp ya bi shi har cikin takarda.

Magana ce ta fi wuya, kuma ba don komai ba sai kunya. Da yaro ya buɗe baki sai abokansa su ce ga ɗan Bature. Na riƙa aikensa wurin Ibo masu kayan gyaran mota, bakinsa ya sake, amma sai ya kwaso buroka. Buroka tana da rana a kasuwa, ni ma da ita nake lallaɓawa, sai dai ba ta cin jarrabawa. Muka ƙara da labaran ƙarfe tara na dare na NTA, yana ji yana kwaikwayo. Kun san mu Hausawa muna cakuɗa P da F, kuma sha biyar da hamsin kusan ɗaya suke a kunnenmu in an faɗe su da Turanci. Mai ciniki ta waya ya san abin da hakan ke jawowa. A jarrabawar WAEC akwai takarda guda ta musamman kan furuci, ban da wasiƙa da taƙaita labari.

Wani dattijo ya tare ni ya ce ina mayar da maraya Nasara. Na ce, Baba, Umaru Nagwamatse da ya kafa garin nan jikan Shehu ne, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Yawan harshe bai rage mata addini ba. Yaron nan ko kwana ɗaya bai fasa Islamiyya ba.

A 2021 ya samu C5 a Turanci. Iyaye mu sani, jami'a kiredit biyar take nema, har da Turanci, kuma D7 ba kiredit ba ne. Hukumar NECO tun 1999 hedikwatarta na nan Minna, a jiharmu, amma maƙwabtaka ba ta taɓa ba ɗan kowa maki ba.

Bayan haka wani mai mota ya sake kawo mini irin waccan takarda. Yaron ya karanta, ya ɗora yatsa kan layi na shida, ya yi masa magana da Turanci a natse, sai da aka soke layin kafin in sa hannu.

Roƙona ga shugabanni, a ba mu rumfar ƙungiya ran Asabar da Lahadi bayan la'asar. Kuɗin jarida na wata uku na ɗauka. Mai son sa ɗansa, ko 'yarsa, ya ba sakatare suna kafin a watse.