Majigi da Kututturan Gonakinmu



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan finafinan da ake nunawa game da muhalli. Manyan cikinmu suna tuna majigi, lokacin da mota take zuwa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa jama'a tsafta da dabarun noma. Yau majigin ya koma cikin talabijin da wayar hannu, amma tambayarmu ba ta canza ba: me ya shafe mu a ciki?

Mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikinsu ba don mu aka shirya su ba. Fim ɗin Al Gore na Amurka, An Inconvenient Truth, ya fito a 2006 ya girgiza duniya, amma ƙanƙarar da take narkewa a cikinsa ba ta cewa komai ga uwar da take yin tafiyar awa biyu neman itacen girki. A 2015 Gidauniyar Shehu Musa 'Yar'aduwa ta fitar da Nowhere to Run, wanda ya nuna ƙafewar Tafkin Chadi da kwararowar hamada a Arewa. Wannan namu ne, sai dai mai kallo yakan tashi jikinsa a sanyaye. Ambaliyar 2022 kuwa, wadda ta cinye gonaki a Ringim da Haɗeja, ba mu buƙaci fim ba kafin mu san ta.

Akwai fim ɗaya da muke so mu daɗe a kansa. Sunansa The Forest Maker, wato mai yin daji, wanda Bajamushe Volker Schlöndorff ya shirya. Labarin Tony Rinaudo ne, mutumin Ostareliya da ya yi aikin gona a Maradi ƙarƙashin mishan ta SIM. Ya yi ta dasa itatuwa, suna ta mutuwa, rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa, tana ta tohowa, manomi kuma yana ta sassabe ta kowace shekara.

'Yan'uwa, wannan tsiron muna da shi. Sabara ce, kalgo ne, gawo ne, waɗanda muke sarewa mu ƙone lokacin sharar gona. Dabarar ba ta da wuya. A kowane kututture a zaɓi rassa masu ƙarfi, uku zuwa biyar, a yanke sauran, a rage ƙananan rassan gefe da wuƙa mai kaifi, a bar su su tashi. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, domin tsohuwar saiwar ta riga ta kai ga laima. Manoman Maradi da Damagaram sun yi haka, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Wannan a ƙetaren iyakar Babura ne kawai, ƙasarsu irin tamu, geronsu irin namu. Gawo ma kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma hatsin da yake gindinsa ya fi kyau.

Amma mu yi hattara. Fim na awa ɗaya da rabi yana haɗiye wahalar shekara ashirin. Da farko an yi wa masu barin itace a gona dariya, ana cewa ragwaye ne marasa sharar gona. Wasu sun karɓi dabarar ne kawai saboda abincin agaji na yunwar 1984, da agajin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan. Abin bai zauna ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Mu ma tambayar tana jiranmu. Wanda yake noma gonar aro, shi da wa zai raba itacen? Idan wani ya shigo da dare ya sare, ko makiyayi ya sassaƙe wa dabbobinsa, wa za a kai wa ƙara? Mu 'yan kaɗan ne a garuruwanmu, gonakinmu kuma suna iyaka da na maƙwabtanmu Musulmi. In ba a yi maganar tare da su da mai unguwa da arɗo ba, itacen ba zai kai shekara biyu ba.

Don haka ga shawararmu. Na'urar da muke nuna fim da ita a harabar coci, da janaretanmu, mu fitar da su fili, mu nemi izinin dagaci, mu gayyaci kowa. Bayanin fim ɗin ba da Hausa aka yi shi ba, sai matasanmu masu Turanci su fara kallonsa su kaɗai, sannan ɗaya ya tsaya gefen allo yana fassarawa kamar yadda ake yi a zamanin majigi. Iyayenmu mata su zauna a gaba, tun da su ne suka san nisan itace. In an samu dama a haɗa da The Man Who Stopped the Desert na 2010, labarin marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da ramukansa na tara ruwa da taki.

A yi nunin a watan Fabrairu ko Maris, kafin a shiga sharar gona. Washegari duk wanda ya yarda ya zo da wuƙarsa, mu je gonar mutum ɗaya mu ƙirga kututturan da suke da rai.