Zaɓen Keke Don Motsa Jiki: Darasi Daga Kura Da Bunkure



Batun da muka zo da shi yau ƙarami ne a ido, amma ya shafi abu biyu da ba a wasa da su, watau lafiyar jiki da ɗan abin da ke aljihu. Yawancinmu daga aji sai ɗakin karatu, in an gama kuma sai kujerar ofis, alhali yawan zama yana daga cikin ƙofofin da teɓa da hawan jini da ciwon sukari suke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar. Keke zai biya mana wannan bukata. Sai dai tun zamanin Udoji, a 1975, da ma'aikata suka sami ƙarin albashi suka koma babur da mota, muke yi masa kallon abin hawan wanda bai samu ba. Janye tallafin man fetur a 2023 ya sa wasunmu sun sake tunani. To, wane keke za mu saya?

Kafin mu amsa, bari mu bar birnin Kano mu bi hanyar Zariya kimanin kilomita 30, mu isa Kura. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yake gangarowa da kansa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Kadawa, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Babura sun yi yawa yanzu, amma wanda ya yi sammako zai ga manomi bisa kekensa, da buhun taki ɗaure a baya. Shi ba don motsa jiki ya saya ba, amma tambayoyi uku da yake yi kafin ya ba da kuɗinsa su ne ya kamata mu yi. Zai iya hanyata? In ya lalace, mai gyaran garinmu zai iya da shi? Zan biya ba tare da na ci bashi ba?

Mu fara da hanya. Keken tsere da muke sha'awa, mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka yi shi. Faɗin tayarsa yakan kama daga milimita 23 zuwa 28. A yankin nan kuwa, kwaltar da ta fi kyau ita ce ta manyan motoci, hanyoyin da suka fi lafiya kuma su ne na burji da ke bin gefen magudanan ruwa, masu tsakuwa da ƙaya. Saboda haka mu nemi wanda zai ɗauki taya mai faɗin milimita 32 zuwa 38, mu ci moriyar hanyoyin duka biyu. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsaunuka, don haka giya bakwai ko takwas sun ishe mu. Kada mu biya kuɗin giya ashirin da ba za mu taɓa ba.

Na biyu, gyara. Keken ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi, amma in ya tsage mai walda na kasuwa zai haɗa shi, wanda ba kowa ke iya yi wa alminiyam ba. Ga mai neman gumi, ɗan ƙarin nauyi ba hasara ba ne. Kafin mu saya, mu je wurin mai gyara mu tambaye shi ko ana samun tayar wannan keke da sarƙarsa da robar burkinsa. Keken da kayansa sai an yi oda daga Turai, ƙarshensa jingina a bango.

Na uku, kuɗi. Da tsohuwar zuma ake magani: keken gwanjo mai lafiya ya fi sabo mai sheƙi wanda ƙarfensa ba shi da ƙwari. Amma mu duba mahaɗan ƙarfen ko akwai tsagewa, mu ɗaga ƙafa mu juya ta mu ga ko tana rawa, mu duba haƙoran giya ko sun cinye, mu matsa burki, sa'an nan mu karɓi rasit a gaban shaida, don kada mu sayi kayan sata. Kada kuma mu juye kuɗin duka a kan keken. Mu rage na hular kwano da famfo da kayan faci da fitila.

Akwai abu guda da za mu ƙara a kan na manomi, watau girman keken ya dace da mai shi. In muka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunmu, ya kasance akwai ratar yatsa biyu ko uku tsakaninmu da sandar sama. In muka hau sirdi, feda tana ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Keken da ya fi mutum ko ya gaza masa, ciwon baya da na gwiwa yake sawa, kome tsadarsa.

Bayan an saya, a fara da minti 20 da sanyin safiya, a riƙa ƙarawa a hankali. Lokacin hunturu a riƙa goge sarƙa ana sa mata mai, domin ƙura tana cin ta. In gumi ya keto, kada ruwan magudana ya ruɗe mu mu faɗa wanka, gama ana ɗaukar tsargiya a irin wannan ruwa.

'Yan'uwa, daidai ruwa daidai tsaki. Keken da zai amfane mu shi ne wanda za mu hau gobe da jibi, ba wanda za mu nuna wa abokai ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.