Gadon Zunubi da Alhakin Jariri a Koyarwar Kirista



Wannan lacca za ta duba tambaya guda, wadda malaman Kirista suka shafe fiye da shekara 1,500 suna muhawara a kanta: shin jariri yana zuwa duniya da zunubi, kuma idan ya rasu kafin ya yi wayo, za a kama shi da alhaki? Tambayar ba ta malamai kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 sukan rasu kafin su cika shekara 5. Saboda haka tambaya ce ta uwar da ta dawo daga asibiti da zanen goyo babu goyon.

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, har zuwa ƙauyuka irin su Kutawa, galibin jama'a Musulmi ne. Amma akwai Kirista a ofisoshi da kasuwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ga kuma Hausawa Kirista, jikokin Maguzawa, wajen Malumfashi da Ƙafur. Maƙwabci yakan je wa maƙwabci ta'aziyya, kuma ya kamata ya san abin da mai gidan ya gaskata.

Asalin magana

Dukkan manyan ɗarikun Kirista sun yarda cewa saɓon da Adamu ya yi ya bar tabo a kan zuriyarsa. Hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura 5, aya 12, inda aka bayyana cewa ta hanyar mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta biyo shi. Sukan haɗa da Zabura 51, inda Dawuda ya kai asalin zunubinsa tun cikin mahaifiyarsa. Inda suka rabu shi ne, wane irin gado ne wannan?

Harshen Hausa yana taimakawa a nan, domin Bahaushe ya san gado iri biyu. Akwai gadon hali ko na jini, wanda ake nufi idan aka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ya gaji amosanin jini bai yi laifin kome ba, amma ciwon yana jikinsa. Akwai kuma gadon bashi, wato abin da ake bin uba har a zo a tsaya a ƙofar 'ya'yansa. Muhawarar Kirista duka tana tsakanin waɗannan biyu: abin da jariri ya gada ciwo ne, ko kuwa bashi?

Agustin da Felajiyus

Wanda ya fi kowa kafa ra'ayin bashi mutumin Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya. Ya rayu daga 354 zuwa 430. Abokin jayayyarsa, Felajiyus, mutumin tsibirin Birtaniya, ya koyar da cewa kowane jariri yana zuwa da tsarki kamar yadda Adamu yake kafin saɓo, kuma mutane suna koyon zunubi ne ta hanyar kwaikwayo. Agustin ya amsa da tambaya: in haka ne, don me Ikilisiya take yi wa jarirai baftisma domin gafarar zunubi? A ganinsa dukkan 'yan Adam suna cikin Adamu sa'ad da ya yi saɓo, saboda haka sun gaji lalacewar hali da alhakin gaba ɗaya. Har ya kai ga cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai shiga Mulkin Allah ba, ko da yake hukuncinsa shi ne mafi sauƙi duka. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj a 418 ya la'anci koyarwar Felajiyus.

A nan akwai darasi ga masu aikin fassara. Fassarar Latin da Agustin ya dogara da ita ta juya ƙarshen ayar Romawa da ma'anar cewa a cikin Adamu kowa ya yi zunubi, alhali yawancin masana suna fahimtar asalin Girkancin da cewa mutuwa ta game kowa domin kowa ya yi zunubi. Ikilisiyoyin Gabas, na Girka da Rasha, waɗanda ba su dogara da fassarar Latin ba, sun tsaya a kan cewa abin da aka gada shi ne mutuwa da raunin hali, alhakin Adamu kuwa nasa ne.

Sassauci a ɗarikar Katolika

Tsananin maganar Agustin bai kwanta wa na bayansa a rai ba. Malaman tsakiyar zamani, ciki har da Toma Akwinas wanda ya rasu a 1274, suka yi bayanin wani matsayi da ake kira Limbo, inda irin waɗannan jarirai ba su ganin Allah amma ba su shan azaba. Ikilisiya ba ta taɓa mai da wannan aƙida ta dole ba. Taron Tarento ya sake tabbatar da koyarwar zunubin asali a 1546. A 2007, zamanin Fafaroma Benedik na 16, hukumar malaman tauhidi ta Batikan ta fitar da takarda mai cewa akwai ƙwararan dalilai na sa rai cewa Allah zai ceci jariran da suka mutu ba baftisma. Sa rai aka ce, ba tabbaci ba. Wannan ne ya sa har yau Bakatolike yakan gaggauta baftismar jariri mara lafiya, kuma dokarsu ta yarda kowane mutum ya yi ta idan rai yana cikin haɗari. Ma'aikacin jinya da ya ga uwa tana neman ruwa da gaggawa a irin wannan hali, ga dalilin.

Masu jiran wayo

A birnin Zurik, a 1525, wasu suka ƙi baftismar jarirai, suka ce sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa. An nutsar da ɗaya daga shugabanninsu, Felis Manz, a kogi a 1527 saboda wannan. Daga irin tunaninsu ne aka sami koyarwar shekarun sanin ya kamata: yaro ya gaji hali mai karkata zuwa zunubi, amma ba a lissafa masa alhaki sai ya iya rarrabe nagari da mugu, kafin nan alherin Almasihu ya rufe shi. Sukan kafa hujja da Ezekiyel sura 18, cewa ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba; da Sama'ila na biyu sura 12, inda Dawuda ya sa rai zai tarar da ɗansa da ya rasu; da Markus sura 10, inda Yesu ya karɓi yara ƙanana. Ba su yanke shekara guda ba, domin Littafi Mai Tsarki bai yanke ba.

Dukkan waɗannan ra'ayoyi suna nan a ƙasar Hausa. Mishan ta SIM, wadda ta fara a 1893, ta yi aiki a asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina, kuma daga cikinta ECWA ta fito a 1954. A ECWA, kamar a Baftis, miƙa jariri ake yi ga Allah da addu'a, baftisma sai ya girma. Angalikan, masu tsohon tushe a Wusasa ta Zariya, suna yi wa jarirai baftisma. Haka ma Katolika, waɗanda aka ba Katsina dayosis nata a 2023 ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa. Ke nan iyali biyu Hausawa Kirista suna iya zama unguwa ɗaya, su yi sunan 'ya'yansu mako ɗaya, amma fahimtarsu ta bambanta.

Kwatanci da Musulunci

Musulmi mai sauraro zai ga cewa tambayar ba baƙuwa ba ce. Musulunci bai yarda da gadon zunubi ba: an karɓi tuban Annabi Adamu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kowane yaro ana haifarsa bisa fiɗira, kuma ba ya zama mukallafi sai ya balaga. Duk da haka malaman Musulunci na da sun yi saɓani game da makomar 'ya'yan waɗanda ba Musulmi ba idan sun rasu suna ƙanana. Bambancin aƙida na gaske ne, bai kamata a shafe shi don neman daɗin baki ba. Amma damuwar iri ɗaya ce, wato yadda adalcin Allah zai haɗu da rahamarsa a kan wanda bai san wuta ba balle ya taɓa ta.

Kammalawa

A taƙaice, kuskure ne a ce Kirista duka sun gaskata jariri ɗan wuta ne, kuskure ne kuma a ce ba su yarda da gadon zunubi ba. Sun haɗu a kan cewa an gaji ciwon, sun rabu a kan ko an gaji bashin, kuma akasarinsu a yau sun karkata ga kyautata zato ga jinƙan Allah. Wanda ya san wannan, idan ya shiga gidan maƙwabcinsa Kirista da aka yi wa rasuwar jariri, zai san abin da zai faɗa, da abin da zai bar wa cikinsa.

Allah ya raya yara, ya ba iyaye haƙurin waɗanda suka riga su.