Fitacce, Amma Ɓoyayye

Kalmar "fitacce" daga "fita" take: abin da ya fita daga cikin tsararsa, ya zarce su. Shi ya sa muke cewa albasar Galmi ta yi fice. A kasuwar Badagishiri ma, fitaccen rago ba ya jiran yabon dillali.

To, Lailatul Ƙadari fitaccen dare ne, ibadarsa ta zarce ta shekara 83, amma Allah Ya ɓoye shi cikin goman ƙarshe. Ashe fice daban, suna daban. Wanda ya ciyar da masu azumi don a ambace shi, riya ta cinye ladansa. Mu ɓoye alherinmu yau, Allah Ya sa mu yi fice ranar hisabi. Amin.