Wane Babur Ya Dace da Hanyoyinmu?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na karkara ya yi wa 'yan ƙungiyoyin adashi a garin Bagudo, jihar Kebbi. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Ina gaishe ku duka, musamman waɗanda suka yi sammako daga Illo da Lolo da Kaoje da Tsamiya. Na san yawancinku a kan babur kuka zo, wasu ma uku-uku, don ina tsaye a ƙofa sa'ad da kuke sauka.

An ce in yi magana a kan sayen babur domin duk lokacin da aka zo kwasar adashi ko neman rance, bayan taki, abin da aka fi ambata shi ne babur. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Ga mai gona ɗaya a fadama, shinkafar shekara guda ce yake ɗorawa a kan taya biyu. In zaɓin ya yi kyau, babur ɗin zai kai kaya kasuwa, ya kai yara makaranta, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. In bai yi kyau ba, bayan wata shida yana jingine a zaure, kaji suna kwana a kansa, bashin ƙungiya kuma yana nan daram. Ni ba bakanike ba ne. Na dai daɗe ina bin ƙauyukan nan a kan babur, na kuma yi kuskuren da zan gaya muku nan gaba.

Mu fara da lambar da ake rubutawa a jikinsa: 100, 110, 125, 150, 200. Wannan girman cikin injin ne, wato ɗakin da mai yake ƙonewa, shi ne masu sayarwa suke kira si-si. In lambar ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, amma nauyi da shan mai su ma sun ƙaru. Samari suna son babba saboda ƙara da gudu. Sai in tambaye su, ina za ku yi gudun? A cikin garin Bagudo ranar kasuwa, tsakanin amalanke da awaki da yara? Ko a yashin hanyar ƙauye, inda giya ta biyu ce abincinka?

A da ba a damu da lissafin mai ba sosai. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. To, mu yi lissafi tare. A ce kana yin kilomita 40 kowace rana, wato 1,200 a wata. Ƙaramin babur mai lafiya, irin nawa, yakan ba ni kusan kilomita 50 a lita ɗaya, ka ga lita 24 ke nan. Babba, ko tsohon da ya gaji, wanda ke ba da kilomita 30, zai sha lita 40. Bambancin lita 16 ne. In muka ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 16,000 ke nan kowane wata. Uwargida, kin san abin da kuɗin nan zai yi a tukunya.

Saboda haka, ga mai zirga-zirga cikin gari da ƙauyukan kusa, da fasinja ɗaya ko buhu ɗaya, 100 zuwa 110 ya ishe shi. Wanda sana'arsa ɗaukar kaya ce kullum, ko yake yawan bin kwalta zuwa Koko ko Birnin Kebbi, shi ne zan ce ya duba 125 ko 150. Abin da ya wuce nan, a ganina, ado ne. Ga kuma wani abu da mutanen bakin kogi suka fi ni sani: ƙaramin babur nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai ne, mutum biyu za su ɗaga shi su sa a kwale-kwale. Kun tuna ambaliyar 2020, da ruwa ya cinye gonaki ya yanke hanyoyi. Waɗanda suka riƙa fita a lokacin su ne masu abin hawan da ake iya ɗagawa.

Sai maganar irin injin. Akwai tsofaffin nan masu hayaƙi, irin su Jincheng da suka cika ƙasar nan a shekarun 2000, waɗanda suke ƙona baƙin mai tare da fetur. Suna da sauƙin gyara, kuma za a ba ka su da arha. Amma suna shan mai, kana kuma sayen baƙin mai ba hutu. Na yanzu baƙin mansu yana zaune a cikin injin, juye shi ake yi lokaci-lokaci. Kada arhar ranar saye ta rufe maka ido.

Mata da dama sun tambaye ni a kan roba-roba, musamman malamai da ma'aikatan asibiti. Iri biyu ne, ku lura. Akwai mai ƙananan tayoyi, mai tafiya da bel, wanda cikinsa yake kusa da ƙasa. An yi shi ne don kwaltar birni. Ramin farko zai gwada miki, yashi kuma ya riƙe shi. Akwai kuma mai manyan tayoyi, inci 17, mai kaca da giya amma babu kulochin hannu. Wannan ana hawansa da zane ko doguwar riga ba wahala, ba ya shan mai, yana kuma jure hanya daidai gwargwado. In dai ba buhuna za ki ɗora masa ba, ban ga aibinsa ba. Wili kuma, ga hanyoyinmu na fi son mai sifoki: in ya lanƙwashe ana miƙe shi, na ƙarfen zubi kuwa in ya tsage sai sabo.

Wane suna za a saya? Ban zo tallar kowa ba. Boxer na kamfanin Bajaj da TVS daga Indiya suke, Honda tana harhaɗa nata a Ota ta jihar Ogun, Haojue da ire-irensa kuma na Sin ne. Shawarata ita ce, kafin ka je wurin mai sayarwa, fara zuwa wurin bakanike. Zauna a bencinsa, ka tambaye shi wanne ne kayan gyaransa suke rataye a shagunan garinku: kaca da sifoket, fulogi, takalmin birki, wayar kulochi. Babur da sai an aika Sakkwato ko Kano kafin a samo masa ƙaramin ƙarfe ba na mutumin Lolo ba ne, komai kyansa. Haka batun baburan lantarki da suka fara yawa a Kwatano tun wajen 2022. Suna aiki ne inda akwai wuraren canza batir. Sai ka tambayi kanka ko akwai irinsu a hanyar da kake bi.

Ku tabbatar yana da kik, kada ku dogara ga batir kaɗai. Ku kuma tuna da irin man da muke sha. A Nuwamba 2019 aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, mutanenmu da yawa suka koma wa man kwalba da na jarka. Irin wannan mai yakan zo da ƙasa, wani lokaci da ruwa. Babur mai kafireta, yaron bakanike zai kwance ya wanke a gindin bishiya. Tace man da tsumma mai tsabta, ka riƙa wanke matatar iska lokacin hunturu, kada kuma ka yi wa baƙin mai rowa.

Yanzu ga kuskurena. Wata shekara wani ya kawo mini babur daga tsallaken iyaka, kusan sabo, a kan kuɗin da bai kai na kasuwa ba. Na tambayi takardu, ya ce suna zuwa. Na biya. Wata uku ina jin daɗinsa, ran nan aka tsayar da ni a shinge aka ce in nuna shaida. Ba ni da rasit, ba ni da takardar biyan kuɗin fito, lambar jikin firam ɗin kuma da aka goge ƙura sai ga alamar an kankare ta. A ƙafa na koma gida. Wanda ya sayar mini ban sake ganinsa ba, shekara guda kuma ina biyan bashin abin da ba ni da shi. Ban ga laifin masu shinge ba. Laifina ne.

Mu mazauna iyaka abin ya fi shafarmu. Wani ɗan'uwansa yana Segbana, wani kasuwarsa Malanbil, shiga da fita ba ya ƙarewa. Ga shi kuma 'yan bindiga a kan babura suke yawo, don haka jami'ai a ɓangarorin biyu suna duba mai babur da ido biyu. Ka sami rasit mai sunanka, wanda lambar injin da ta firam suka yi daidai da na jikin babur. Ka yi masa rajista da lamba da inshora, ka yi lasisi. In na hannu ne, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, zai fi kyau a gaban mai unguwa.

Hular kwano kuma a sa ta cikin kuɗin saye tun farko, guda biyu. A Nijeriya an fara tilasta ta tun 1 ga Janairu, 2009, a Benin kuma 'yan sanda sun tsananta a 2024, har ga wanda aka goya. Na san akwai zafi. Amma da yawa a nan mun yi jinyar wanda ya faɗi da kai.

Kalma ɗaya ga masu son ƙungiya ta saya musu don kabu-kabu. A rubuta nawa za a riƙa kawowa a mako, wa ke da gyara, me za a yi in an sace ko an yi haɗari. A kuma tuna doka takan canza: Kano ta hana acaba a Janairu 2013, samari da yawa suka wayi gari da babur da bashi amma babu aiki. Kada zubin mako ya kai yadda rashin lafiyar kwana goma zai rushe shi.

An kawo babura uku suna waje, bakanike kuma yana jiranmu. Mu fita ya nuna mana inda lambar firam take, da yadda ake gane injin da aka taɓa buɗewa. Iyaye mata su fara matsowa gaba, don su gani da kyau.