Injin Sassaƙa da Hannun Mai Fenti



Maganar da zan yi a yau ta shafi allon katako da ake kafawa a ƙofar ofis ko makaranta, irin wanda aka sassaƙa haruffansa sa'an nan aka cika su da fenti. Na zaɓi wannan batu ne domin da yawa daga cikinku, in Allah Ya yarda, ku ne za ku riƙa sa hannu a takardar biyan kuɗin irin wannan aiki, kuma kuɗin na jama'a ne.

A yanzu inji mai bin umarnin kwamfuta, wanda ake kira CNC, shi ke yin sassaƙar. Asalinsa daga Amurka ne, inda a shekarar 1952 makarantar fasaha ta MIT ta nuna injin yankan ƙarfe mai karɓar umarni daga takarda mai huji-huji. Na katako yana da haƙori mai tsini, galibi mai kusurwar digiri 60 ko 90. Inda harafi ya yi faɗi sai haƙorin ya nutse, inda ya sirance sai ya taso sama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, inji ya gama nasa, saura fenti, kuma a nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Katako tamkar damin siraran bututu ne, waɗanda dā suke ɗaukar ruwa a jikin bishiya. Haƙori ya yanka su ya bar bakinsu a buɗe, saboda haka da zarar fenti ya shiga ramin harafi sai su zuƙe shi, ya yi nãso ya bi jijiyar itace, harafi ya fito kamar mai gemu. Katako mai manyan ƙofofi, irin su maɗaci da loko, ya fi kowane riƙe fenti inda ba a so.

Maganin wannan shi ne a toshe ƙofofin tukuna. A shafe fuskar allo da banish ko shalak, wato ƙaron nan da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya, wanda ake narkawa kuma yake bushewa cikin 'yan mintoci. Idan ya bushe a manna leda mai ɗanko, a sa inji ya sassaƙa ta cikinta. Sa'an nan a sake shafa banish a cikin ramin, domin in wani abu zai yi nãso, ya zama marar launi ne ya riga fenti. Daga nan sai fenti, shafa biyu marasa kauri, ba a malala shi ya kwanta a gindin harafi ya tsage ba. A ƙarshe a ɓare leda.

Akwai gajeruwar hanya da masu gaggawa ke bi: a malale allo da fenti, in ya bushe a goge fuskarsa da samfefa. Ni dai ban yarda da ita ba ga rubutun Hausa. Tun cikin shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa cikin bokonmu, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma bakin lanƙwasar shi ne wuri mafi siranta, wato mafi ƙarancin zurfi. Shi samfefa ke fara cinyewa. Alal misali, sai a wayi gari "ƙasa" ta koma "kasa", alhali kowa ya san tazarar da ke tsakanin ƙasar haihuwa da macijiya.

Saboda haka idan ɗan kwangila ya kawo allo, kada ku tsaya daga nesa kuna yaba ƙyalli. Ku matsa ku dubi gefen haruffa ko akwai nãso. Ku tambayi irin katakon, domin allon garin katako da aka matse, wato MDF, kumbura yake yi in damina ta taɓa shi, wurinsa cikin ɗaki ne. Ku juya bayansa da gefunansa ku ga ko an shafe su, don ta nan ruwa ke shiga. Ku shafa tafin hannu a fuskarsa kuma: in kun ji tsakuwa-tsakuwa, to a fili aka yi fentin cikin ƙurar hunturu, sai a mayar masa ya sake kafin a sa hannu.