Idan Likita Ya Ce A Kai Mara Lafiya Gashi

Jawabi ga wakilan ikilisiyoyin ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum

 

A shekara ta 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitocin MSF sun ba dubban yara maganin da ke fitar da gubar daga jini, amma maganin ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa waɗansu suka rayu da sandararrun gaɓoɓi. Sanƙarau da ya ɓarke a Zamfara a 2017 shi ma ya bar mana irinsu, ga kuma manyanmu da hawan jini ya shanye musu ɓarin jiki. Irin waɗannan ne likita yakan ce a kai su gashi, a asibitin tarayya na Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Kada sunan ya ruɗe mu. Gashin asibiti ba ruwan zafi da tsumma ba ne. Wani lokaci akan ɗumama wurin da na'ura, amma ainihin aikin shi ne motsa gaɓoɓi da koya wa jiki zama, tsayuwa da tafiya.

Na ɗaya, ranar farko ta tambayoyi ce da dubawa. Likitan gashi zai tambayi yadda ciwon ya fara da magungunan da ake sha. Zai lanƙwasa hannu da ƙafa, ya ga inda suka tsaya. Ku tafi da katin asibiti da magungunan duka, mara lafiya ya sa tufafi masu sakewa. Mai jinyarsa na kullum shi ne zai raka shi, domin shi za a koya wa aikin. Idan ba a yi allura ba, kada ku ce ba a yi kome ba.

Na biyu, yawancin aikin a gida yake. Hanya da nisa, ga kuɗin mota, ga rashin tsaro. Ku gaya wa likitan gaskiyar sau nawa za ku iya zuwa, ya tsara muku abin da za ku riƙa yi kowace rana. Ku gwada a gabansa ya gyara muku kafin ku taso.

Na uku, ku san bambancin gajiya da haɗari. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in an ga kumburi, zazzaɓi, jijjiga ko zafi mai tsanani, a dakata a koma asibiti. Kada a miƙe sandararriyar ƙafa da ƙarfi, ƙashi yana iya karyewa. Kada a ɗaga mai shanyewar jiki ta hannun da ya mutu, kafaɗa takan goce. Wanda yake kwance a riƙa juya shi bayan kowace awa biyu don kada gyambo ya fito. Yaro kuwa a zaunar da shi kafin a ba shi kunu, don kada ya shaƙe.

Na huɗu, sauƙi sannu a hankali yake zuwa. Mai shanyewar ɓarin jiki ya fi samun ci gaba cikin watanni 3 zuwa 6 na farko, saboda haka kada a ɓata su ana jira. Ba kowa zai koma kamar da ba. Amma yaron da ya iya zama da kansa, ko dattijon da ya iya kai loma bakinsa, ya sami babban abu, mai jinyarsa ma ya sami hutu.

Roƙona gare ku shi ne, kowace ikilisiya ta rubuta sunayen masu wannan bukata. A haɗa su mota ɗaya ranar zuwa asibiti, a yi tafiyar da rana. Zumuntar mata ta riƙa karɓar uwar da ke jinya ko da yini ɗaya a mako. Kafintocinmu su ƙera kujerar jingina da sandunan dafawa bisa awon da likita ya bayar. Kada kuma a sake shigo da dutsen zinariya cikin gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.